GAƁA KE CIN JIRGI

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda muka saba, wata 'yar magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in fito da ita mu tattauna, domin Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar kuwa ta jirgin ruwa ce. Na san wata za ta yi tsaki ta ce, ina ruwan matar aure da kwale-kwale, ita da ko bakin gulbi ba ta zuwa? Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki biyo ni sannu, in mun je gaba za ki ga ashe a tsakar gidanki jirgin yake.

Ni 'yar Ƙaura Namoda ce, garin da layin dogo ya zo ya tsaya tun shekarar 1929. Muna da gulbinmu, Gagare, wanda ya bi ta gefen gari ya nufi arewa wajen Shinkafi, can gaba kusa da Isa ya haɗu da gulbin Bunsuru da ya biyo ta Zurmi, su biyun suka zama gulbin Rima. Wanda ya zo da rani ba zai yarda gulbi ba ne, don rairayi ne fari fat, yara na wasa a ciki, mata na tono suna ɗibar ruwa. Amma bari damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, sai ki rantse ba shi ba ne. A lokacin ƙauyukan da ba su da gada kusa ba su da wata dabara sai fito.

Ina 'yar shekara 14 muka tafi biki ni da Innarmu wani ƙauye gaba da Shinkafi, dole sai an haye ruwa. Wannan shi ne shigata jirgi ta farko, kuma wallahi tun da muka zauna na ƙanƙame hannun Inna, idona a rufe, duk addu'ar da na iya sai da na karanta. Mai fiton wani dattijo ne siriri, da doguwar gorarsa ta tuƙi, ko a jikinsa, har hira yake da mutane a tsakiyar ruwa inda ni nake ganin mutuwa. Abin mamaki sai da muka kusa gaɓa, ni hankalina ya fara kwanciya, sannan na ga shi nasa ya tashi. Ya daina hira, ya rage tafiyar jirgin, ya diro cikin ruwa iya gwiwa ya riƙe goshin jirgin da hannu biyu. Ya ce kowa ya sauka a nan, a fitar da buhunan da ke ciki. Wata mata ta hau faɗa, wai an biya shi kuɗi zai sa mutane su jiƙa zannuwansu na biki, me zai hana ya tura jirgin har kan tudu? Bai tanka mata ba. Sai da jirgi ya zama wayam, sannan shi da yaronsa suka jawo shi a kan wasu gumagumai uku da ya jera a bakin ruwa.

Ni da shegen tambaya tun ina yarinya, na tsaya ina kallo har Inna na ƙwala mini kira. Ya ce, "Ɗiyata, mi kika kallo?"

Na ce, "Baba, na ga ba ka ji tsoron tsakiyar ruwa ba, sai bakin gaɓa."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ruwa ba su cin jirgi, gaɓa ka cinai. Rairan ga da kika gani awa zarto yake, yau ya ɗebi kaɗan, gobe ya ɗebi kaɗan, ba mai gani don abin ƙasa yake. Ran da jirgi yak kai ga ruwa masu ƙarhi sai shi buɗe, a ce ruwa sun ci mutane. Alhali tun bakin gaɓa anka kashe shi."

Ya kira ni ya nuna mini gindin jirgin. Akwai wani dogon katako da ya bi tsakiyarsa daga goshi har baya, kamar dai ƙashin bayan mutum, shi ne ke fara taɓa ƙasa duk sanda jirgi ya iso. A kansa an buga wani siririn katako da fallen kwano, duk sun goge sun yi sheƙi. Ya ce wannan na saman don ya cinye aka sa shi, in ya ƙare a ɓamɓare a buga wani, muddin dai na cikin yana nan lafiya. Inda kuma ya ga tsaga, sai ya cusa tsumma ko auduga ya bi da kwalta. Na ji maganar na ajiye ta a matsayin hirar tsofaffi, na bi Inna muka tafi cin shinkafar biki.

Bayan shekaru masu yawa ƙanena da ya yi karatun ƙere-ƙere a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura, ya tafi neman abinci Legas, ya zo hutu muna hira na ba shi labarin tsohon nan. Ya ce, "Yaya, ai tsohon nan injiniya ne bai sani ba." Ya ce a can, da ƙasashe irin su Amurka, akwai ƙananan jiragen kamun kifi da ake yi da alminiyam, wato farin ƙarfen nan mara nauyi da ake yi mana tukwane da shi. Ana son sa don nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa irin tasa. Amma ƙarfe ne mai taushi, ƙwayar yashi ta fi shi tauri, kuma kaurin jikin ƙaramin jirgi sau da yawa bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Don haka mai jirgin da ya saba tura shi da gudu ya hau gaɓa, ko ya ja shi a kan tsakuwa da siminti, a hankali yake kankare gindinsa, ƙusoshin da suka riƙe shi su saki, ruwa ya fara tsattsafowa. Masu hankali sai su manna masa wata doguwar roba mai tauri a kan ƙashin bayan, ko su sa a yi musu waldar wani sililin alminiyam a kai, ko su shimfiɗa tsofaffin tayoyi da gumagumai inda suke sauka. Kin ji fa, dabarar tsohonmu na bayan Shinkafi ce sak, kaya ne kawai suka bambanta.

Sai ya faɗa mini wasu abubuwa biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, ya ce shi alminiyam yana da wata 'yar siririyar fata da yake yi wa kansa idan ya sha iska, ita ke kare shi. In an karce shi, nan da nan sai ya sake yin wata, ka duba ka ga kamar babu abin da ya faru. Amma sabuwar fatar daga jikinsa yake cire ta, don haka duk warkewar da ya yi ƙara sirancewa yake. Na biyu, ya ce ba a yi masa faci da kowane ƙarfe. In ka buga masa tagulla ko baƙin ƙarfe suka zauna tare cikin ruwa, musamman mai gishiri, to alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa a gefen facin, maganin ya zama shi ne cutar. Ko waldarsa ma ba kowane mai walda na bakin titi ke iya ta ba, sai mai na'urar da aka yi don ita.

Ke ma ai kin san wannan a madafarki. Tukunyar da ake dirje gindinta da yashi kullum don ta yi ƙyalli a yaba, ita ke fara yoyo. Shi ya sa iyayenmu ke kwaɓa toka ko laka su shafe gindin tukunya kafin su ɗora a murhu, baƙin ya kama tokar, a wanke ya fita, tukunya ta huta.

To yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Mu bakwai ne a wurin Innarmu, babbarmu mace ce, ita muke kira Yaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an tambayi Yaya abu ta ce a'a ba. Da Babanmu ya rasu, gidanta ya koma gidan kowa. Mai yaji can za ta, mai haihuwa can za ta yi wanka, yaron da ya gagari uwarsa can za a kai shi. Da rashin tsaro ya tsananta a yankinmu, har aka kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, danginmu na ƙauyukan wajen Zurmi suka taso da 'yan ƙunshinsu, ba su zame ko'ina ba sai gidan Yaya. Akwai lokacin da na ƙirga mutum 19 ke cin tukunyarta, ɗakuna uku ne a gidan, mijinta ɗan tireda ne. Kowa ya zo sai ya ce, "Ai Yaya uwa ce, akwai haƙuri." In wani ya ɓata mata, ta shiga ɗaki ta share hawaye, ta fito tana dariya, mu ce ai ta huce, Yaya ba ta riƙo.

Ni kaina da nake rubutun nan ban fita ba. Lokacin da nake son kammala wani littafina in kai shi Kano a buga, na kwashi yarana biyu na kai mata, na ce sati ɗaya. Na tarar da ita ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau, na ce, "Yaya lafiya?" Ta ce, "Ɗan ciwon kai ne, na sha magani. Je ki abinki malama marubuciya, Allah Ya ba da kasuwa." Na ga idanunta sun yi ja, na ga ƙafarta ta ɗan kumbura, amma da yake buƙatata ce a gabana, sai na karɓi amsar da ta yi mini daɗi na tafi. Sati ɗaya ya zama uku.

Ranar da Yaya ta faɗi babu abin da ya faru. Ba a yi rasuwa ba, ba a kawo hari ba, ba wanda ya yi mata faɗa. Tana tuƙa tuwon dare ne muciya ta suɓuce daga hannunta, ta zame ta kwanta a gefen murhu, bakinta ya karkace. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, kuma ba na yau ba ne, ya daɗe a jikinta, don shi ciwo ne da kan yi shekaru bai nuna kansa sosai ba. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Dangi suka cika asibiti ana ta salati, kowa na cewa, "Ikon Allah, jiya-jiya fa lafiyarta ƙalau!" Ina tsaye a jikin bango sai muryar tsohon nan ta dawo mini kamar yanzu yake faɗa, tun bakin gaɓa anka kashe shi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Babanmu, don na san da hannuna a ciki.

Na sani ciwo da lafiya na Allah ne, kuma ba na cewa da mun kyautata da ba za ta yi ciwo ba, wannan sanin gaibu ne. Amma ko awon jini sau ɗaya a cikinmu babu wanda ya taɓa kai ta. Mun yarda da ƙaddara, sai dai ƙaddara ba ta wanke sakaci. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kogin Neja kusa da Warra ta jihar Kebbi, waɗanda aka ceto kaɗan ne, mahukunta suka ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Satumba na 2024 a nan Gummi wani kwale-kwale ya kife da manoma a hanyarsu ta zuwa gona, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu. Duk sanda irin haka ta faru ranar kifewar ake ba da labari a rediyo, ba mai ba da labarin ranakun da aka yi ta ƙara lodi ana cewa ai jiya ma ya ɗauka.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce, shin halal ne mu ci gaba da ɗora wa mutum kaya don kawai bai ce ya gaji ba? Mun taso ana gaya mana babba juji ne, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Duk gaskiya ne, ni ma na yarda. Amma na lura da wani abu, yawanci mai ɗora kayan shi ya fi kowa iya waɗannan karin maganar. Haƙurin Yaya ladanta ne tsakaninta da Ubangijinta. Mu kuwa da muka mai da haƙurin nata abin hawa, ba mu da rabo a ladan, sai dai a tambaye mu.

Wata ƙawata da na yi wa wannan maganar ta ce, "Ke dai kina so ki zuga mata su daina haƙuri. In kowa ya ce ba zai ɗauka ba, wa zai riƙe zumunci? Waɗanda suka gudo daga ƙauye a titi za su kwana?" Maganarta abin dubawa ce, kuma na daɗe ina juya ta. Gaskiya ne jirgin da aka ɗaure a inuwa don kada ya goge ba shi da amfani, an yi shi ne don ya ɗauki mutane, kuma dole ya taɓa gaɓa sau goma a yini. Kowane gida yana da wanda nauyi ke sauka a kansa, ba a raba duniya da haka. Sai dai ki tuna tsohon nan bai daina fito ba. Abin da ya yi shi ne ya rage gudu, ya shiga ruwa da kansa, ya sa kowa ya ɗauki kayansa ya jiƙa ƙafarsa, ya shimfiɗa gumagumai, lokaci-lokaci kuma ya kifa jirgin ya duba inda ido ba ya kaiwa. Matar da ta yi masa faɗa don zanenta na biki, ita ma a jirgin za ta koma gida.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Malamai na ba mu labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i ya tarar ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa, ya tunatar da shi cewa jikinsa ma yana da hakki a kansa, kuma da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. To in ibada ma ba a yarda mutum ya halaka jikinsa a kanta ba, ina ga wankin kayan ƙannen miji?

Akwai kuma kuskure na biyu da muka tafka, shi ne ya fi ba ni kunya. Da aka sallamo Yaya, gida ya rikice, sai kawai aka wayi gari babbar 'yarta mai shekara 15 ta daina zuwa makaranta. Ba wanda ya yanke shawarar, haka nan abin ya zame. Ita ke girki, ita ke wanki, ita ke juya uwarta, mu kuma muna zuwa dubiya muna cewa, "Kai, yarinyar nan ta gado uwarta, akwai haƙuri." Ranar da na ji kalmar ta fito daga bakina sai gabana ya faɗi. Ashe mun ɓamɓare katakon da ya cinye ne mun buga sabo. Shi katako da roba da tsohuwar taya an yi su ne don su ƙare a jefar. 'Yar mutum fa? Gidaje nawa ne a garuruwanmu da aka samu sauƙin uwargida ta hanyar ɗauko 'yar riƙo daga ƙauye, ko 'yar aiki mai shekara goma, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya? Wannan shi ne facin tagulla a jikin alminiyam, ka rufe rami ɗaya ka buɗe wani a gefensa.

Na tara 'yan'uwana a ɗakin Inna, aka yi maganar da ba a taɓa yi ba, har da ɓacin rai. Muka raba kwanaki, kowace mace a cikinmu tana da yininta a gidan Yaya. Maza aka yanka musu abin da za su kawo duk wata na magani da cefane. Baƙin da ke gidan aka rarraba su, ni na ɗauki uku, kuma ba zan ɓoye miki ba, sai da na ɗauka na san abin da Yaya ta yi shekaru tana sha. Yarinya ta koma makaranta. Ba zan ce komai ya daidaita ba, akwai wanda har yau sai an bi shi kafin ya kawo nasa, akwai kuma wadda ta yi fushi ta ce an wulaƙanta ta. Mafi wuya ma ita Yayar ce da kanta. Da ta fara samun baki, abin da ta fara ce mini shi ne, "Kun kore mini mutane, yanzu ni me ye amfanina?" Na rasa amsa, na riƙe hannun nata da ba ya motsi muka yi shiru. Mun saba mata tun tana ƙarama cewa darajarta ita ce ɗaukar kaya, har ta kai ba ta san yadda ake zama a huta ba. Yanzu alhamdu lillahi tana takawa da sanda, tana zuwa awo duk wata, kuma ta fara koyon cewa, "Yau dai ban iyawa." Ranar da ta fara faɗa mini haka, wallahi daɗi na ji kamar an yi mini kyauta.

Don haka 'yar'uwa, in kin ajiye ɗan littafin nan, ki zauna ki duba gidanku da gidan mijinki, ki tambayi kanki wace ce gindin jirgin. Ba ta da wuyar ganewa, ita ce wadda kowa ke yabo da haƙuri amma ba mai tambayarta ko ta ci abinci. Wataƙila mahaifiyarki ce, wataƙila abokiyar zamanki ce, ko yarinyar da ke miki wanke-wanke. In za ki je mata da buƙata, ki rage gudu, ki dubi idonta kafin ki sauke, kuma in ta ce "ba komai" kada ki yi saurin yarda don ya yi miki daɗi. Ki kai ta a auna mata jini, ba wani kuɗi mai yawa ba ne. In kuwa kin duba kin ga ke ce, to ki ci gaba da alherinki Allah Ya ba ki lada, amma ki buɗe baki ki faɗi inda ke miki ciwo tun ana iya cusa tsumma a bi da kwalta, don mutanen da ke cikin jirgin naki su ma ba su iya ruwa ba.

Shi tsohon mai fito ban sake ganinsa ba, hanyar ma yanzu ba kowa ke bin ta da daɗin rai ba. In yana raye Allah Ya ƙara masa lafiya, in ya riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ƙasa baki ɗaya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana hakkin waɗanda muka gajiyar ba mu sani ba. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni.

Wassalam, taku har kullum.